Babi na Shida: Jiran Oktoba a Boston da New York

Sha biyun dare ta ɗan gota, an shiga ranar 17 ga Oktoba, 2003, lokacin da Aaron Boone na Yankees ya ɗaga kulkinsa ya daki ƙwallon farko da Tim Wakefield na Red Sox ya jefo masa. Ƙwallon ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo a ɓangaren hagu na filin Yankee Stadium. Wasa ya ƙare ke nan: New York Yankees 6, Boston Red Sox 5. Shi ne wasa na bakwai kuma na ƙarshe a karawar fitar da zakaran rukunin American League, wanda zai wuce gasar ƙoli ta besbol a Amurka, wato World Series. Mutum sama da 50,000 suka ɓarke da sowa a unguwar Bronx. Can Boston kuwa, tafiyar kusan kilomita 350 a mota, wuraren kallo suka yi tsit, jama'a suka rinƙa sulalewa gida ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne nasarar ta zo har hannu. A zagaye na takwas Boston ce ke gaba da 5 da 2, saura 'yan wasa biyar kacal ta fitar. Gwanin jifanta, Pedro Martínez, ya riga ya yi jifa sama da 100, kowa ya ga hannunsa ya gaji. Koci Grady Little ya taka har tsakiyar fili, suka yi magana, ya juyo ya bar shi ya ci gaba. Nan take Yankees ta kamo ta, aka yi kunnen doki. Kafin watan ya ƙare Little ya rasa aikinsa.

Daga wannan dare magoya bayan ƙungiyoyin biyu suka shiga jiran da ya ɗauki shekara guda cur. Kowa ya san sai an sake haɗuwa. Abin da aka yi a tsakanin Oktoban 2003 da Oktoban 2004 ya nuna cewa a irin wannan gaba, wasannin da ake bugawa a fili kaɗan ne daga cikin abin. Mafi yawansa ana yin sa ne kafin a jefa ƙwallo ko ɗaya: a rediyo, a shafukan jaridu, a wurin aiki, a teburin cin abinci tsakanin uba da ɗa.

Wasan da ya koya wa mutane lissafi

Wanda bai saba da besbol ba zai so ya san dalilin da ya sa jiransa ya bambanta da na sauran wasanni. Kowace ƙungiya na da 'yan wasa tara a fili. Mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo ƙwallon da gudunta kan kai kilomita 150 a awa. Idan mai bugu ya same ta, sai ya ruga ya bi zango uku da aka jera a fili. In ya kewayo gida, an ci maki ɗaya. In kuwa ya buga ta ta tsallake katanga, shi da duk abokansa da ke kan zangunan za su dawo gida a nitse, kowa da makinsa. Idan aka fitar da masu bugu uku, sai a yi musaya, masu tsaron fili su karɓi kulki. Zagaye tara ake yi. Babu agogon tashi daga wasa, babu canjaras: in aka yi kunnen doki sai a ci gaba har a sami gwani, ko da za a kai asuba.

Kowace ƙungiya na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Kuma ba wasa ɗaya ake zuwa gari a yi a koma ba. Ƙungiya kan sauka a birnin abokiyar hamayya ta yi kwana uku ko huɗu ana gwabzawa a jere. A watan Oktoba, a matakai biyu na ƙarshe na fitar da zakara, wasa bakwai ake shiryawa, wanda ya fara cin huɗu shi ne gwani.

Jifa da irin wannan ƙarfi yana cin kafaɗa da gwiwar hannu, don haka mai jifan da ya fara wasa yau sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake farawa. A nan lissafin magoya baya yake. Tun mako biyu kafin karawa, mai sayar da jarida da direban tasi sun ƙirga kwanaki sun gano wa zai yi jifa ranar Juma'a, wa zai yi ranar Asabar, wane ne ruwan sama zai iya tura wa ranarsa gaba. Mai goyon bayan besbol yakan shiga fargaba ko murna tun kafin a buɗe ƙofar fili, domin ya riga ya buga wasan a ransa sau da yawa.

Gadon shekara 86

Hular nan mai haruffan N da Y a sarƙe, wadda matasa ke sawa a Kano da Damagaram da Kumasi, tambarin Yankees ne, ko da mai ita bai taɓa ganin wasan ba. Yaɗuwarta ta nuna girman ƙungiyar. Kafin 2004 ta ɗauki kofin World Series sau 26, babu wadda ta ko kama ƙafarta.

Amma da farko Boston ce babba. Ita ta ci World Series na farko a 1903. A 1904 ta ƙwace kambin rukuni daga hannun ƙungiyar New York a ranar ƙarshe ta kaka. Ta sake ɗaukar kofi a 1912, shekarar da aka buɗe filinta na Fenway Park, sannan a 1915 da 1916 da 1918. A cikin 'yan wasanta akwai wani matashi mai suna Babe Ruth, gwanin jifa da hannun hagu wanda aka gano ya fi gwaninta a bugu. A ƙarshen 1919 mai ƙungiyar, Harry Frazee, ɗan kasuwar wasan kwaikwayo da bashi ya yi wa katutu, ya sayar da shi ga Yankees. A 1919 Ruth ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 29 a Boston. A 1920 ya yi sau 54 a New York, a 1927 ya kai 60. Yankees ta gina sabon fili a 1923, ta ci kofinta na farko a shekarar. Boston kuwa daga 1918 ba ta sake ba.

Ba rashin zuwa kusa ba ne. Sau huɗu ta kai World Series, a 1946 da 1967 da 1975 da 1986, kuma duk sau huɗun a wasa na bakwai aka doke ta. A 1986 saura jifa ɗaya mai kyau ta ɗauki kofi a hannun New York Mets, wasan ya suɓuce, daga ƙarshe ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun Bill Buckner. A 1949 ta je New York tana neman nasara ɗaya cikin wasa biyu na ƙarshe, Yankees ta cinye duka. A 1978 ta ba Yankees ratar wasa 14 a watan Yuli, aka cim mata, aka shirya wasan raba gardama a Fenway ranar 2 ga Oktoba. Bucky Dent, wanda ba a san shi da ƙarfin bugu ba, ya ɗaga ƙwallo ta haye doguwar katangar nan koriya mai tsayin mita 11 da ke hagun filin. Yankees ta ci 5 da 4. Har yau dattawan Boston ba sa ambaton sunan Dent sai sun haɗa da ashar.

A 1990 ɗan jaridar Boston Globe, Dan Shaughnessy, ya fitar da littafi mai suna The Curse of the Bambino, ya yayata maganar cewa tsinuwar Ruth ce ke bin ƙungiyar. Maganar ta zauna daram. Wani mai goyon baya ya hau dutsen Everest a 2001 ya ajiye hular Red Sox a ƙololuwa. Masu ninƙaya suka shiga wani tafki a garin Sudbury suna laluben fiyanon da aka ce Ruth ya jefa ciki. A New York kuwa, duk lokacin da Boston ta zo baƙunta, 'yan kallo ba sa buƙatar dogon zagi. Shekara ɗaya kawai suke rerawa da tafi: 1918.

Labarin tsinuwa yana da daɗin faɗa, amma ya rufe dalilan gaskiya. Frazee ba Ruth kaɗai ya sayar wa New York ba; gwanaye da dama ya tura can a 'yan shekarun. Mafi muni, a zamanin Tom Yawkey, wanda ya mallaki ƙungiyar daga 1933 zuwa 1976, Red Sox ce ta ƙarshe cikin manyan ƙungiyoyi da ta yarda ta sa baƙar fata a fili. A 1945 Jackie Robinson ya zo gwaji Fenway aka sallame shi ba tare da an sake nemansa ba. A 1947 ya karya shingen launin fata a Brooklyn Dodgers, amma Boston sai a 1959 ta sa Pumpsie Green. Shekara 12 tana kallon abokan hamayya na kwashe gwanayen da ita ta ƙi. Wannan da hannunta ta yi wa kanta, ba wani mamaci ba.

Akwai kuma tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin biranen. Boston, wadda aka kafa a 1630, tana alfahari da jami'o'i da tarihi. New York ta shige gabanta a ciniki da yawan jama'a tun tuni. Jihohi shida na yankin New England kusan duk Red Sox suke yi, ban da Connecticut da ta rabu biyu: gabas da arewa na Boston, kudu maso yamma na New York. A garuruwan da ke kan wannan iyaka, gida ɗaya za ka tarar miji da hular shuɗi mai duhu ta Yankees, mata da mai jan harafin B.

Hunturun ciniki

Besbol na hutawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma a hunturun 2003 babu wanda ya huta. Sababbin masu Red Sox, ƙarƙashin John Henry, sun karɓi ƙungiyar a 2002, suka naɗa Theo Epstein babban manaja yana ɗan shekara 28. Shugaban ƙungiyar, Larry Lucchino, ya riga ya laƙaba wa Yankees sunan muguwar daula bayan ta riga su ɗaukar wani mai jifa ɗan Kyuba, José Contreras. Magoya bayan New York ba su ji haushi ba, sai ma suka rungumi sunan.

A ƙarshen Nuwamba Epstein ya tashi takanas zuwa Arizona, ya yi bikin godiya na Amurkawa a gidan Curt Schilling yana lallashinsa. Ba don komai aka nace wa Schilling ba sai don yana cikin waɗanda suka kayar da Yankees a World Series na 2001. Ya amince. Aka ɗauko Keith Foulke don rufe wasa, aka ba Terry Francona aikin koci.

Sai batun Alex Rodriguez, wanda ake ganin babu kamarsa a lokacin, mai kwantiragin dala miliyan 252 na shekara 10 da Texas Rangers. A Disamba Boston ta kusa kammala cinikinsa, har shi kansa ya yarda a rage masa kuɗi, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ce ba ta yarda ba. Ciniki ya wargaje. A Janairu sai Aaron Boone, shi dai wanda ya yi bugun nan na Oktoba, ya ji rauni a gwiwa yana ƙwallon kwando. Gurbinsa ya zama fanko, kuma a Fabrairu Yankees ta cike shi da Rodriguez. A Boston, masu kiran waya a tashar rediyon WEEI suka kwana suna kumfar baki. A New York, tashar WFAN da shafukan baya na New York Post da Daily News suka yi ta shagali.

Ba faɗan mai kuɗi da talaka ba ne, ko da yake mutanen Boston na son faɗin haka. A 2004 albashin 'yan wasan Yankees ya haura dala miliyan 180, na Red Sox ya haura miliyan 120. Su ne na ɗaya da na biyu a ƙasar.

Zumuɗin ya kai inda a watan Maris, da ƙungiyoyin suka haɗu a wasan motsa jiki a Fort Myers ta jihar Florida, wasan da sakamakonsa bai shiga kowane lissafi ba, 'yan bumburutu suka sayar da tikiti ninkin-ba-ninkin, wasu kuma suka rinƙa kiransa wasa na takwas.

Karo 19

A wancan zamani ƙungiyoyin kan haɗu sau 19 a kaka. Kowace haɗuwa da irin shirinta. Fenway ƙaramin fili ne, a lokacin bai wuce mutum 35,000 da ɗoriya ba, kuma tun daga Mayun 2003 ba a sake yin wasa a cikinsa da sauran tikiti ba har 2013. Ranar da Yankees za ta zo, tun da hantsi titin Lansdowne da ke bayan koriyar katangar ya cika da hayaƙin masu gasa nama da albasa, da masu tallar riguna masu zagin New York, da masu neman tikiti ko nawa ne. A cikin katangar akwai ma'aikatan da har yau da hannu suke sauya allunan maki, suna leƙen wasa ta ƙananan ramuka. A Bronx kuma, jirgin ƙasa mai lamba 4 ke zubo jama'a a tashar titi na 161. Masu zama a kujerun baya na ɓangaren dama suna da al'ada: da an fara wasa sai su rinƙa kiran sunan 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya da tafi, ba sa barin mutum sai ya ɗago hannu ya amsa.

Hatta kamannin ƙungiyoyin ya zama abin musu. Mai Yankees a lokacin, George Steinbrenner, ya hana 'yan wasansa barin gemu da dogon gashi, rigunansu ma babu sunan kowa a baya. 'Yan Boston kuwa suka saki gashi da gemu, Johnny Damon a gaba, suna kiran kansu wawaye. Ɗaya ɓangaren na ganin tarbiyya da ƙazanta. Ɗayan na ganin girman kai da 'yanci.

A Afrilu Boston ta ci shida cikin bakwai na farko, Rodriguez ya sami ƙwallo sau ɗaya tak cikin yunƙuri 17 a zuwansa Fenway na farko. Zuwa tsakiyar bazara Yankees ta yi nisa. Ranar 24 ga Yuli, Bronson Arroyo na Boston ya jefi Rodriguez da ƙwallo a hannu, suka fara cacar baki, mai cafkar ƙwallo na Boston, Jason Varitek, ya tura masa safar hannunsa a fuska, fili ya kaure da dambe. A zagaye na tara Bill Mueller ya tsallakar da jifan Mariano Rivera katanga, Boston ta ci 11 da 10. Hoton Varitek da Rodriguez ya shiga shaguna da ɗakunan kwana a faɗin New England. Mako guda bayan haka Epstein ya yi abin da ya girgiza gari: ya rabu da Nomar Garciaparra, ɗan lelen magoya baya, don ya gyara tsaron fili. A ranar kuma ya ɗauko wani mai gudu daga Dodgers, Dave Roberts, cinikin da kusan babu wanda ya kula da shi.

A ƙarshen Satumba Yankees ta sake doke Martínez a irin yanayin bara, a zagaye na takwas. Cikin takaici ya faɗa wa 'yan jarida cewa ba abin da ya rage masa sai ya cire hula ya kira Yankees babansa. Kafin wayewar gari maganar ta zama waƙa a New York, aka buga ta a riguna.

Kaka ta ƙare Yankees na da nasara 101, Boston 98. Shekara ta bakwai ke nan a jere Boston na zuwa ta biyu a bayanta. Amma a haɗuwarsu ta shekarar Boston ce ta ci 11 cikin 19. In aka haɗa da na 2003, sun kara sau 45: Boston 23, New York 22.

Kwana uku kafin a fara

Su biyun duk sun shiga wasannin fitar da zakara. Boston ta kori Anaheim Angels ranar 8 ga Oktoba, Yankees ta kori Minnesota Twins washegari. Aka sa wasan farko na karawarsu ranar Talata, 12 ga Oktoba, a Yankee Stadium.

Jira iri biyu aka yi a waɗannan kwanaki. Mutumin New York yana jira da natsuwar wanda tarihi bai taɓa ba shi kunya a gaban wannan abokin gaba ba: 1949, 1978, 2003. Mutumin Boston kuwa yana son haɗuwar yana kuma tsoronta. Da yawa sun fito fili sun ce ba sa son wata ƙungiya ta cire musu Yankees daga hanya. Kofin da ba a bi ta kanta aka ɗauko ba, ba zai wanke musu zuciya ba. Duk da haka, mutumin da ya ga 1978 da 1986 ya koyi kada ya saki jiki. Masu camfi suka ƙi wanke rigar da suka sa ranar nasarar ƙarshe, wasu suka ƙi sauya kujerar kallo.

Lissafi kuwa a wannan karo ya fi karkata ga Boston: Schilling, mai nasara 21 a kakar, zai buɗe; Martínez zai biyo. Schilling ya ce bai san abin da ya kai rufe bakin mutanen New York 55,000 daɗi ba. Abin da mutane da yawa ba su auna ba shi ne jijiyar idon sawunsa na dama ta goce a wasan Anaheim. A ɗaya ɓangaren, Rivera ya tafi Panama jana'izar 'yan uwan matarsa biyu da lantarki ya kashe a gidansa, ana ta tambayar ko zai dawo a kan lokaci. Ya sauka New York ana tsakiyar wasan farko, ya shiga ya rufe shi.

Wasanni bakwai

Lissafin ya rushe tun daren farko. Schilling ya ba da maki shida a zagaye uku ya fita yana ɗingishi. Yankees ta ci 10 da 7. Washegari filin ya ɗauki waƙar baba, Martínez ya sha kashi 3 da 1. A Fenway, bayan ruwan sama ya ɗage wasa da kwana ɗaya, Yankees ta yi kaca-kaca da masu gida 19 da 8. Uku ba ko ɗaya. A tarihin manyan ƙungiyoyin besbol babu wadda ta taɓa farfaɗowa daga nan.

Kafin wasa na huɗu, Kevin Millar na Boston ya rinƙa zagaya fili yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa kada Yankees ta kuskura ta bar su su ci na yau, domin gobe Pedro ne, jibi Schilling, a wasa na bakwai kuwa komai na iya faruwa. Irin lissafin da magoya baya suka saba yi ne, sai dai a ranar kaɗan ne ke da sauran ƙarfin zuciyar yin sa.

Zagaye na tara, Yankees na gaba 4 da 3, Rivera a kan tudu. Millar ya samu wucewa zangon farko, aka sauya shi da Roberts. Kowa a filin ya san gudu zai yi. Sau uku Rivera na jefa ƙwallo zangon farko don ya tsare shi, sau uku Roberts na komawa da rub da ciki. Da Rivera ya juya ya jefa wa mai bugu, Roberts ya cilla, ya taɓa zango na biyu da hannu ƙiris kafin safar Derek Jeter ta same shi. Mueller ya buga ƙwallo ta tsakiya, Roberts ya iso gida. A zagaye na 12, ƙarfe ɗaya na dare ta wuce, David Ortiz ya tsallakar da ita katanga. Da yammacin wannan ranar aka koma fili, aka yi awa biyar da minti 49, Ortiz ya sake raba gardama a zagaye na 14.

A wasa na shida likitan ƙungiyar ya ɗinke fatar idon sawun Schilling don ya tsare jijiyar wuri ɗaya. Ya yi jifa zagaye bakwai jini na ɓullowa ta safarsa, Boston ta ci 4 da 2, har sai da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka jeru a gefen fili saboda jifan da 'yan kallo suka fara. A daren 20 ga Oktoba, Yankees ta gayyato Bucky Dent ya yi jifan buɗe wasa. Bai hana komai ba. Ortiz ya ci biyu a zagayen farko, Damon ya ci huɗu da bugu ɗaya a na biyu, aka tashi 10 da 3.

Murnar ta zo da makoki. A cikin cunkoson da aka yi kusa da Fenway a daren, harsashin barkono da ɗan sanda ya harba ya sami wata ɗaliba 'yar shekara 21 a ido, ta rasu.

Mako guda bayan haka, ranar 27 ga Oktoba, Boston ta gama da St. Louis Cardinals huɗu ba ko ɗaya, ta ɗauki kofin da ta rabu da shi shekara 86. A maƙabartun New England aka rinƙa ganin huluna da tutocin Red Sox a kan kaburburan iyaye da kakannin da suka mutu suna jira. Manyan jaruman nasarar, Ortiz da Martínez da Manny Ramírez, duk baƙaƙen fata ne haifaffun Jamhuriyar Dominika, a ƙungiyar da ta ɓata shekaru tana rufe wa irinsu ƙofa.

Bayan an sauke nauyi

Jadawalin 2005 ya sa Yankees ce baƙuwa a Fenway ranar 11 ga Afrilu, ranar raba zobban zakaru. Koci Joe Torre da 'yan wasansa suka tsaya a bakin rumfarsu suka kalli bikin har ƙarshe suna tafi. Johnny Pesky, wanda ya buga World Series na 1946, yana cikin waɗanda suka ɗaga tutar nasara. Da aka zo gabatar da baƙi, aka yi wa kowannensu ihu, sai da aka kira Mariano Rivera: filin gaba ɗaya ya miƙe yana tafi, godiya ga wasa na huɗu da na biyar da suka kuɓuce masa. Rivera ya fashe da dariya, ya cire hula ya ɗaga musu.

Waƙar 1918 ta mutu a Bronx. Boston ta ƙara kofi a 2007 da 2013 da 2018, Yankees ta ci na 27 a 2009. Gabar kuwa ba ta huce ba. A Disamban 2005 Johnny Damon ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 52 da Yankees, ya aske gemu da gashi kamar yadda dokar gidan ta tanada. Magoya bayan Boston suka duba jadawali suka ga ranar 1 ga Mayu, 2006, zai dawo Fenway, suka yi wata huɗu suna musu a rediyo kan ko tafi ya cancanta ko ihu. Da ranar ta zo, ihun ya rinjayi tafin, Damon ya cire hular kwanonsa ya gaishe su duk da haka, waɗanda ke kujerun bayan fili kuma suka rinƙa watso masa takardun dala.